Harshen Rumawa a Bakin Ɗan Shekara Biyar

A cikin shekaru arba'in da 'yan kai da suka shige, wasu irin makarantu sun tsiro a ƙasar Amurka, suka yi ta yaɗuwa har adadinsu ya kai ɗaruruwa, waɗanda iyaye Kirista ke kafawa da kuɗin aljihunsu ba tare da hannun hukuma ba, bisa niyyar su mayar da 'ya'yansu kan tafarkin karatun magabata, wato su ɗora yaro a kan Latin, harshen Rumawan da, wanda yau babu wata al'umma da ke shan sa a nono, su kuma riƙe shi a kansa shekara bayan shekara har ya kammala sakandare. Wadda aka fi ambata a matsayin ta farko ita ce makarantar Logos, da aka buɗe a 1981 a wani gari mai suna Moscow cikin jihar Idaho, kuma waɗanda suka kafa ta sun ɗauko tsarinsu ne daga wata lacca da marubuciyar nan ta Ingila, Dorothy Sayers, ta gabatar a Oxford a 1947, inda ta koka cewa makarantun zamaninta suna ɗura wa yara darussa barkatai, amma ba su koya musu yadda ake neman sani ba. Maganin da ta kawo shi ne a koma ga fannoni ukun da Turawan da suka gina karatunsu a kai, nahawu da mandiƙi da balaga, a jera su bisa girman yaro: nahawu a lokacin da yake son maimaici kamar aku, mandiƙi sa'ad da ya fara gardama da manya, balaga in ya kai munzalin son bayyana abin da ke ransa. Galibin waɗannan makarantu sukan fara Latin a wajen aji uku na firamare, amma akwai waɗanda ba sa jira, tun daga ajin raino suke sa yara rera kalmomi da addu'o'i da shi, kuma a kan irin waɗannan ne gardama ta fi zafi.

Mutumin Barkiya, ko na Kurfi, ko na Dutsin-Ma a ƙasar Katsina, in ya ji wannan labari yana iya cewa ina ruwan biri da gada, tun da yake abin da ya dame mu a nan shi ne azuzuwan da iska ta yaye wa kwano, da malaman da ba su isa ba, da 'yan bindigar da suka hana wasu ƙauyukanmu barci balle karatu. Sai dai wanda ya taɓa durƙusawa a zauren malami ba zai ji an ambaci nahawu da mandiƙi da balaga ya ɗauke su baƙi ba, kuma mas'alar da Kiristocin Amurka ke muhawara a kanta, wato ko ya dace a aza wa ƙaramin yaro harshen littafi wanda ba a magana da shi a gidansu, ita ce mas'alar da kowane uba a ƙasar Katsina ke yanke wa hukunci, ko ya farga ko bai farga ba, ranar da ya kama hannun ɗansa ya kai shi makarantar allo, ko ya biya kuɗin zango a ɗaya daga makarantun kuɗin nan masu gwama haddar Alƙur'ani da boko, waɗanda ke ta ƙaruwa a garuruwanmu. Ban da haka, muna da 'yan'uwa Hausawa Kirista, musamman a wajajen Malumfashi da Ƙafur, kuma tun da Fafaroma Francis ya yanke wa Katsina dayosis nata daga na Sakkwato a watan Oktoba na 2023, aka naɗa Gerald Mamman Musa ya zama bishop ɗinta na farko, ba zai zama abin mamaki ba wata rana wani ya zo da shawarar a kafa makaranta irin wannan a birnin Katsina ko a Dutsin-Ma, inda jami'ar tarayya da aka kafa a 2011 ta tara ma'aikata daga kowace kusurwa ta Nijeriya, kowa na neman inda zai sa ɗansa. Gara a auna hujjojin tun kafin kowa ya sa hannu a aljihu.

Hujjar farko ta masu goyon baya, wadda kuma ta fi saurin shiga kunnen Bahaushe, ita ce ta hadda. Suna cewa Allah ya yi wa ƙuruciya wata baiwa wadda ba ta daɗewa, domin yaro ɗan shekara biyar ko shida yana jin daɗin nanata abu, yana rera shi yana rangaji, ba gajiya ba jin kunya, kuma abin da ya shiga kansa a wannan lokaci ya zauna ke nan. Saboda haka hasara ce a bar waɗannan shekaru su ƙare a waƙoƙin wasa, alhali ana iya cika su da sigogin fi'ili da sauye-sauyen sunaye waɗanda babba sai ya sha wuya kafin ya riƙe su. In aka ce musu ai yaron bai san ma'anar abin da yake faɗi ba, sai su ce fahimta tana tafe, in ta iso kuwa gara ta tarar da lafazin a zaune. Musulmi ba shi da bakin yi wa wannan magana dariya. Kolon da ke gaban alaramma yana bin babbaƙu da farfaru, yana wanke allo ana sake masa rubutu, bai san fassarar ko aya guda ba, amma ba wanda ya ce lokacinsa ake ɓatawa, kuma kowa ya ga yadda gardin da ya haddace tun yana yaro ke shiga tafsiri da fiƙihu daga baya da sauƙin da wanda ya fara da gemu ba ya samu.

Ta biyu ta shafi horon hankali. Latin harshe ne mai i'irabi kamar Larabci, har ma ya fi shi yawan halaye, domin inda sunan Larabci ke jujjuyawa tsakanin rafa'u da nasabu da jarru, na Latin halaye shida gare shi, kuma jerin kalmomi a jimla bai cika nuna wanda ya yi aiki da wanda aka yi wa ba, sai an dubi ƙarshen kalma. Don haka ɗalibi ba shi da hanyar kirdado, dole ya tsaya kan kowace kalma ya tambayi kansa ina fa'ili, ina maf'uli, wace sifa ke bin wane suna. Wanda kuwa ya yi shekara goma yana wannan bin diddigi, in ji su, zai tashi da ɗabi'ar tsanaki wadda za ta bi shi har cikin lissafi da shari'a da wa'azi. Sukan ƙara da cewa fiye da rabin kalmomin ƙamus na Turanci daga Latin suka gangaro, ko kai tsaye ko ta hanyar Faransanci, kuma da shi likita ke kiran gaɓoɓin jiki, da shi masanin tsirrai ke raɗa wa itatuwa suna, da shi ne ma lauyoyinmu ke yi wa jawabinsu ado a gaban alƙali, ko da yake ina shakkar in duk mai furta shi a kotu zai iya i'irabinsa.

Amma hujjar da nake ganin ta fi duka nauyi, wadda masu suka ba su cika ba ta haƙƙinta ba, ita ce ta sanadi. Al'ummar da ba ta iya karanta magabatanta da harshen da suka yi rubutu a hannun tafinta take, abin da ya miƙo mata shi za ta karɓa, abin da ya ɓoye ko ya kasa fahimta ya ɓace mata ke nan. Kiristan yammacin duniya yana da rubuce-rubucen fiye da shekara dubu a cikin Latin, tun daga fassarar Littafi Mai Tsarki da Jerome ya yi a wajen shekara ta 400, da littattafan Augustine, wanda ɗan Afirka ne haifaffen ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, har zuwa babban littafin Newton kan motsin halittu da ya fito a 1687. Kuma ta wannan harshe ne ilmin Musulmi ya ƙetara zuwa Turai, sa'ad da irin su Gerard na Cremona suka zauna a birnin Toledo na Sifaniya a ƙarni na 12 suna juya littattafan Larabci, ciki har da Alƙanun na Ibn Sina, wanda likitocin Turai suka yi ƙarnoni suna karantawa. Mu mutanen Katsina mun san darajar irin wannan mabuɗi, domin da shi Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani suka yi talifi a ƙarni na 17 wanda Bamisire da Bamagaribe za su iya karantawa, da shi kuma Muhammadu bn Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi ya bar ƙasar nan ya je ya zauna a Alƙahira ana girmama shi a fagen lissafi da ilmin taurari, har ya rasu can a 1741 a gidan mahaifin masanin tarihi al-Jabarti. Babu wanda ya tambaye shi daga wane ƙauye ya fito, tun da harshensu ɗaya a kan takarda. Har Edward Blyden, wanda aka sani da kishin baƙar fata, a jawabin da ya yi a Kwalejin Laberiya a 1881 ya nemi a gina karatun baƙar fata a kan Girkanci da Latin da lissafi, a haɗa da Larabci da harsunan gida, bisa hujjar cewa tsofaffin littattafan Girka da Rum an rubuta su ne tun kafin cinikin bayi na Turawa ya haifar da adabin raina baƙin mutum.

To, masu ƙi su ma ba hannu rabbana suka zo ba. Abin da suka fara kai wa sara shi ne da'awar cewa Latin yana wasa ƙwaƙwalwa, domin da'awa ce da aka gwada aka auna. Tun a shekarun 1920 wani masanin halayyar koyo na Amurka, Edward Thorndike, ya bi dubban ɗaliban sakandare yana auna ƙarfin tunaninsu a farkon shekara da ƙarshenta, sai ya tarar ratar da ke tsakanin wanda ya ɗauki Latin da wanda ya ɗauki wani darasi ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kuma abin da ke sa masu Latin fice shi ne tun asali masu kaifin basira ake turawa can. A 2003 wasu masana biyu, Ludwig Haag da Elsbeth Stern, suka gwada ɗalibai a Jamus kan koyon Sifaniyanci, wanda ɗaya ne daga ɗiyan Latin, suka ga waɗanda suka riga suka koyi Faransanci sun fi waɗanda suka koyi Latin ƙarancin kuskure. Jami'o'in Oxford da Cambridge kansu, waɗanda suka yi ƙarnoni ba a shigarsu sai da Latin, sun janye wannan sharaɗi a wajen 1960. Wanda ke son ɗansa ya iya Turanci, in ji waɗannan, ya koya masa Turanci, kada ya zagaya da shi ta Rum.

Na fi ganin ƙarfin sukar tasu idan aka sauko da ita daga Amurka aka ajiye ta a Barkiya. Yaron Idaho da harshe guda ya tashi, da shi ake masa magana a gida, da shi ake karantar da shi, da shi zai rubuta jarrabawa, don haka Latin a wurinsa baƙo ne na farko. Yaronmu kuwa ya tashi da Hausa, wani ma da Fillanci a gida da Hausa a waje. In Musulmi ne ga Larabci na jiransa a allo da Islamiyya, sa'an nan ga Turanci a boko, wanda ba a jin sa a kasuwa ko a gona, amma da shi za a yi masa hisabi a ƙarshen firamare da sakandare. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa yara da yawa a karkararmu suna gama aji shida ba su iya karanta wasiƙar Hausa ba tare da gargada ba, balle ta Turanci. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka fara a Ile-Ife a 1970, inda aka karantar da yara da Yarabanci tsawon shekara shidan firamare ana ba su Turanci a matsayin darasi, ya nuna ba su kasa takwarorinsu a Turancin ba, kuma sun fi su fahimtar sauran darussa. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ita ma ta tanadi a fara da harshen uwa ko na mahalli. Yaron da bai riga ya gane cewa baƙin da ke kan takarda magana ce irin wadda yake yi da uwarsa ba, in aka ƙara masa harshe na uku ko na huɗu, abin da zai koya shi ne karatu wani sauti ne da ake fitarwa don malam ya yi shiru.

Akwai kuma raunin da ke cikin ƙiyasin Latin da Larabci, wanda masu goyon baya ke so su jingina da shi. Larabcin da kolo ke haddacewa yana da wurin aiki tun ranar da ya haddace shi, domin da shi zai yi salla sau biyar a yini, shi zai ji a huɗuba da tafsirin azumi da ɗaurin aure da jana'iza, kuma akwai miliyoyin mutane daga Maroko zuwa Iraƙi da ke rubuta shi suna watsa labarai da shi. Latin ya rasa irin wannan matsuguni ko a cikin coci. Tun bayan babban taron Batikan na biyu, daga 1962 zuwa 1965, aka ba Katolika izinin yin ibada da harsunansu, har ya zama a ƙasar Hausa da Hausa ake yin ta. 'Yan ECWA da Baftis da Angilika kuwa tun asali ba da Latin suke sujada ba. Nassin Littafi Mai Tsarki kansa da Ibrananci da Girkanci aka rubuta shi, Latin fassara ce, kuma Bahaushe Kirista yana da tasa fassarar tun 1932, wadda Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka yi wa hidima. Inda Latin ya rage wajibi shi ne ga mai shirin zama fada, domin doka ta 249 cikin kundin dokokin cocin Katolika na 1983 ta nemi a ƙware da shi a makarantun horar da limamai, irin ta Saint Augustine da ke Jos. Amma wannan zancen samari ne da suka zaɓi hanya, ba na 'yan ajin raino ba.

Sa'an nan ga tambayar da duk wanda ya taɓa riƙe makaranta zai fara yi: wa zai koyar? Larabci yana da malamai a kowace unguwa, daga alaramman tsangaya har zuwa waɗanda suka fito daga Makarantar Koyon Larabci ta Kano, wadda ta faro a 1934 a matsayin makarantar shari'a, da waɗanda kwalejojin ilmi irin ta Isa Kaita a Dutsin-Ma ke yayewa. Mai neman malamin Latin na ƙwarai kuwa sai ya nufi Ibadan, inda jami'a ke da sashen Girkanci da Latin tun 1948, ko ya roƙi wani fada ya ba shi aron lokacinsa. Malamin da ake nema daga nesa tsada gare shi, tsadar kuwa a kan iyaye za ta sauka, daga nan makaranta ta zama ta 'ya'yan masu hali, harshen kuma ya zama tambarin da ke raba ɗan wane da ɗan talaka. Afirka ta riga ta ga misalin haka a Malawi, inda Shugaba Hastings Kamuzu Banda ya buɗe Kamuzu Academy a 1981, ya wajabta Latin da Girkanci, ya ɗauko malamai Turawa, ya zuba dukiya mai yawa a kan 'yan ɗaruruwan yara a ƙasar da makarantun karkara ke fama da rashin benci. Da mulki ya kuɓuce masa a 1994 tallafin ya yanke, makarantar ta koma ta masu iya biya.

Da na ɗora hujjojin nan a kan sikeli, abin da ya bayyana gare ni shi ne ɓangarorin biyu sun fi saɓani a kan lokaci da tartibi fiye da kan asalin amfanin tsohon harshe, kuma a nan magabatanmu suna da abin faɗi, domin tsarin da suka bari bai goyi bayan mai gaggawa ba. Ba a taɓa ba kolo Ajuruma ba. Sai yaro ya yi nisa a Alƙur'ani, sau da yawa sai bayan sauka, sa'an nan ya koma zaure ya ɗauki Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, a cikin haka a shigo masa da nahawu, daga Ajuruma zuwa Mulha zuwa Alfiyyar Ibn Malik, mandiƙi da balaga kuwa sai wanda ya yi gemu a karatu. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne ba a taɓa korar Hausa daga zaure ba: almajiri ya ja baƙi, malam ya fassara masa kalma bayan kalma da Hausa ko Fillanci, ya kawo misali daga gona da kasuwa, har ma'ana ta zauna. Shehu Abdullahi na Gwandu, Allah ya ji ƙansa, wanda ya yi talifi mai zurfi a nahawu da sarfu da Larabci, daga gidan da ake wa'azi da waƙa da Fillanci da Hausa ya fito, kuma Nana Asma'u da harsunan nan uku ta yi aikinta.

Ibn Haldun ya riga ya yi nuni ga wannan tarko a cikin Muƙaddimarsa tun ƙarni na 14, inda ya raba tsakanin sanin ƙa'idodin harshe da mallakar harshen kansa, ya kwatanta masanin nahawun da bai iya rubuta wasiƙa ba da mutumin da zai bayyana maka yadda ake zura zare a allura da yadda ake kalmasa, amma in ka miƙa masa ƙyalle ba zai iya ɗinka komai ba. Shaidun Turawa ma haka suka nuna. Augustine ya ba da labarin cewa ya tsani Girkanci domin da tsoratarwa da bulala aka koya masa shi a makaranta, alhali Latin ya same shi ne cikin wasa da dariya a hannun masu rainonsa. Montaigne na Faransa, wanda aka haifa a 1533, mahaifinsa ya ɗauko masa malami Bajamushe ya hana kowa yi masa magana sai da Latin har ya kai shekara shida, ya tashi yana zuba shi kamar Barume, amma da aka kai shi makaranta a Bordeaux ya shiga cikin yara sai harshen ya lalace masa. Ita kanta Dorothy Sayers, wadda ake kafa hujja da ita, ko da yake ta so a fara Latin da wuri, shekarun da ta yanka wa matakin nahawu daga tara ne zuwa goma sha ɗaya, ga yaran da suka riga suka iya karatu da rubutu da ƙidaya.

Saboda haka, da wani zai zo Dutsin-Ma da niyyar kafa irin wannan makaranta ya nemi shawarata, ba zan hana shi tsarin ba, domin tsarin na da kyau, kuma ya fi abin da muke gani a makarantu da yawa inda ake haddace amsoshin jarrabawar bara. Zan ce masa ya riƙe hadda, amma ya fara cika ta da abin da yaro ke ji: ayoyin littafinsa da Hausa, da karin magana, da waƙoƙin marubutanmu, har yaron ya iya karanta Magana Jari Ce ta Abubakar Imam shi kaɗai yana dariya a inda ya kamata a yi dariya. Ya ba Turanci haƙƙinsa a hannun malamin da ya iya shi. In an shiga ƙaramar sakandare, wanda ya nuna sha'awa da iko a buɗe masa Latin, zai kuwa ci a shekara biyu abin da ɗan ajin raino zai yi shekara shida yana tauna. Mandiƙi da balaga ba su jiran Latin ko kaɗan, ana iya fara su da Hausa gobe da safe, a sa yara su kafa hujja su warware ta a kan ko ya kamata a sayar da amfanin gona da kaka ko a ajiye shi sai bazara. Wannan shawara kuma ba ta Kirista kaɗai ba ce. Wasu makarantun kuɗi na Musulmi, masu alfahari da cewa ɗan shekara huɗu yana gaisuwa da Larabci da Turanci, suna cin yaro tara ko su yi masa bulala in ya yi Hausa a harabarsu, su ma sun faɗa cikin kuskuren da ake zargin masu Latin da shi, sun kuma saɓa wa zauren da suke da'awar gadonsa.

Hujja guda ta rage a hannun masu son farawa da wuri wadda ban ga an ture ta gaba ɗaya ba, kuma Ibn Haldun ne ya kawo ta. Ya ambaci ra'ayin Alƙali Abubakar bn al-Arabi na Andalus, cewa kamata ya yi a fara wa yaro da harshe da waƙa, sa'an nan lissafi, kafin a kai shi ga Alƙur'ani don ya karanta shi da fahimta. Ya yaba ra'ayin, amma ya ce al'ada ba za ta yarda ba, domin iyaye suna tsoron in yaro ya balaga ya fita daga hannunsu ya bar karatu, don haka suke ribatar shekarun da yake ƙarƙashin ikonsu su ba shi mafi tsadar abin da suke da shi. Wannan tsoro gaskiya ne a Barkiya fiye da Idaho, inda noma da talla da aurarwa da rashin tsaro ke cire yara daga aji tun ba su kai ko'ina ba, kuma wanda aka ce ya jira sakandare wataƙila ba zai taɓa ganin ƙofarta ba. Ga Alƙur'ani hujjar tana tsaye daram, domin Musulmi ya yi imani akwai lada a tilawa ko da ba fahimta, kuma da abin da ya haddace zai yi salla har ya mutu. Ga Latin kuwa ban ji wani malamin Kirista ya ce tsira tana rataye da shi ba, kuma yaron da aka cire daga makaranta yana ɗan shekara goma sha ɗaya, in aka ce ya zaɓa tsakanin halaye shida na sunan Rumawa da iya karanta takardar asibiti da rasiɗin taki, iyayensa ma sun san wanda zai fi bukata.